Kaɗanya Ba Ta Nuna Ba Tukuna

Bayan Isha'i a Jekadafari,
wuta ta ɗauke, janareton maƙwabci na tari,
na buɗe kundin ilimi kamar mai leƙa rumbu
in ga me aka zuba mana tun jiya.

Sabon shafi. Harshen kwamfuta ne, wai,
wata goma sha huɗu da haihuwa.
Barkindo ɗan Bajoga ya haife shi,
shi ya yi huɗuba, shi ya yanka rago,
shi kuma ya zo neman a rubuta jaririn
a jerin manyan harsunan duniya.
Ya raɗa masa Kaɗanya.

Na nemi shaidu. Uku ya kawo.
Na fari shi ne da kansa.
Na biyu abokin kwanan ɗakinsa a Kashere.
Na uku jarida ce, har na gyara zama,
sai na tarar kalmominsa aka kwashe
har da waƙafin da ya ɓata a layi na tara.
Baki uku, amma ɗaya ce murya.

Rifkatu ta bugo daga Kaltungo,
ita da ko ɗigo ba ta yafe wa shafi:
"Goge shi. Ba ƙiyayya ba ce, ƙa'ida ce.
Kundi ba gidan suna ba ne.
Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi,
amma ba da daɗi ake yanke shari'a ba.
Mu ɗiban ruwa muke, ba ma haƙa rijiya."

Na ce ta ba ni zuwa Laraba.

A Tudun Hatsi, tsakanin buhunan wake,
yaron Alhaji Jibir ya miƙo min waya mai tsagaggen gilashi.
Lissafin rumfa goma sha ɗaya na ciki:
wa ya kawo, wa ya ɗauka, wa ake bi.
Na ce ya nuna min hanjin abin.
Ga "idan", ga "in ba haka ba",
ga "maimaita", ga "tsaya".
Na'ura na karɓar umarni
da harshen da uwata ke aikena sayen daddawa.
Na daskare a nan, baki buɗe,
har wani ɗan dako ya ce, "Malam, ba mu hanya."

Gani ya kori ji, in ji mutane.
Ni kuwa an ɗaure ni da akasin haka:
abin da idona ya gani ba hujja ba ne
sai baƙo ya gani, ya rubuta, an buga.
Wa zai rubuta?
Mai kyamara na zuwa garin nan
ran da kwari ya cinye gidaje, ko ran zaɓe.
Ba ya zuwa don an ƙirga buhu daidai.
Amma na san abin da ƙa'idar ke tsarewa.
Bara harsuna biyar muka share,
uban kowanne ya rantse nasa zai gaji gari,
ba wanda ya ga kaka.
Ƙofar da ka buɗe don tausayi
ita ce gobe ke shigo da ƙarya.

Ban goge ba, ban kuma bari ba.
Na ɗauke shafin na kai ɗakin daftari,
inda muke nannaɗe ɗanye ya jira lokacinsa.
Na rubuta wa Barkindo:
"Ajiye gangar nan, hannunka ya huta.
Kai shi gaban malaman da ba su san ubanka ba,
su tone shi, su faɗi inda yake yoyo.
Ko kushe ne, in da sunan mai shi a ƙasa, kawo min.
Kai ka zaɓi sunan bishiyar,
ka san damina nawa take ci kafin ta ba da mai."

Na zaci zai yi fushi. Da yawa kan yi.
Da asuba amsarsa ta iso,
kalma ɗaya tak, daga cikin harshen nasa:
"maimaita."
Na tura wa Rifkatu.
Ta ce ƙa'ida dai tana nan inda take.
Can kuma ta sake bugowa,
tana tambayar wace rumfa ce ta Alhaji Jibir,
wai wake take nema, mai kyau, tiya biyu,
kuma na ji tana danne dariya.