Maki Biyu

Tasi'u ya tsaya a bakin ofis,
hula a hannu, warin fetur a riga.
Na san shi: layin baya, jikin taga,
wanda gyangyaɗi ke kayarwa kafin in gama rubuta kwanan wata.

Ya ce, "Malam, ba karatu ya kawo ni ba."
Na ture takardu, na jawo masa kujera.

Mahaifinsa na kwance a Asibitin Murtala,
ɓarin jiki ya daina amsa kira.
Baffansa ya sa gidansu na Yakasai a kasuwa.
Shi kuma daga magariba har ɗayan dare
yana jan adaidaitar wani, Kabuga zuwa Bata,
balas kullum, a samu ko a rasa.

Na saurara. Wannan kam na iya.
Shayina ya huce ban taɓa ba.

Sai ya ce in je in yi wa baffan magana,
"Kai malami ne, zai ji nauyinka."
Ni wa? Ban san ƙofar gidan ba,
ban san wa ya gina soron, wa ya ci bashi a kansa ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Alli aka ba ni, ba sandar mai unguwa ba.

Na rubuta masa sunan Malama Barira ta ofishin shawara,
hawa na biyu, ƙofa mai shuɗin fenti.
Na ce ya nemi dattijon dangi, ko limamin unguwa.
Na zaro dubu biyar daga kuɗin cefanena,
na san ba za su sayi maganin kwana uku ba,
na kuma san wata mai zuwa ba zan iya ba.

Bayan sati shida takardarsa ta zo hannuna.
Talatin da takwas.
Na tara daga sama, na tara daga ƙasa,
na bi gefen shafi kamar mai neman allura a rairayi.
Talatin da takwas.
Biyu kacal. Jan biro na rawa a yatsuna.
Amma ga wata yarinya da talatin da tara,
ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofata ba,
ban san me ke tafasa a tukunyar gidansu ba.

Na bar shi yadda yake. Na sa hannu.
A daren uwargida ta tambayi laifin tuwonta.

Jiya a Ƙofar Nassarawa na ɗaga hannu,
adaidaita ta tsaya. Shi ne.
Har Gyaɗi-Gyaɗi ba wanda ya tayar da zancen.
Na miƙa kuɗi, ya ce, "Haba, Malam."
Na ce karɓi.
Ya karɓa, ya ƙirgo min canjina daidai,
ya ce Baba ya fara motsa yatsu,
ya ce baɗi zai sake kwas ɗin,
in ajiye masa kujerar gaba.