Leda da Gora

Ranar albashi Barira ta ce, "Yau ba girki."
Muka tari tasi bayan Isha,
gumin Jidda na manne mana mayafi a wuya.

Takarda suka shimfiɗa kan tebur,
ba faranti, ba cokali.
Yaron ya zazzage leda:
jatan lande, ƙaguwa, masara,
man shanu da tafarnuwa har gwiwar hannu.
Wai yajin Kajun, daga wata fadamar Amurka.
Barira ta lasa, ta ɗaga gira:
"Ƙanen yajin tsire ne, ya yi nisan kiwo."
Ta tuɓe safar roba.
Hannu ya san hanyarsa.

Wata na zagayowa, sai gidan 'yan Sin.
Kwandunan gora, ɗaya bisa ɗaya,
kowanne da 'yan ƙulli huɗu suna tururi,
fatarsu sirit, kana hango ciki.
Tsinke biyu suka ƙi ni.
Ƙulli ya suɓuce, tsundum cikin shayi.
Muka yi dariya har kuku ya leƙo.

Riyal ɗari da goma.
Na juya shi naira a zuci, na yi shiru.
Barira ta ce, "Ci, Hansai.
Gobe da asuba akwai gugar bene,
hawa uku."