Tabo a Gindin Ɗorawa

A shagona na bayan kasuwar Wunti,
tsakanin mai walda da mai gyaran rediyo,
na shekara ina zana ƙauyenmu.

Na sa duwatsun Dass can baya,
shuɗi-shuɗi, kamar hantsi bai gama tashinsu ba.
Na sa ɗorawa a bakin hanya da jan tutunta,
mata uku suna sussukar acca,
akuya ta ɗora ƙafa kan turmi.
Jan da na rasa a gwangwani,
ƙasar gonarmu na jiƙa da ƙaro.

Wani ɗan Abuja ya taya. Na ce sai ya bushe.

Ran Laraba Goggo Asabe ta zo awon ido,
ta biyo ta shagon.
Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon.
Ta daɗe.

"Wa ya gina maka rumbun nan?
Bakinsa gabas, ruwan fari zai ruɓar da dawa.
Waccan ta riƙe taɓarya kamar ta aro.
Ina kabarin Sambo? Nan gindin ɗorawar yake,
ka bi ka rufe shi da ciyawa."

Injin mai walda ya ɗauke.
Ban sami abin cewa ba.

Ta tsoma yatsa cikin jar ƙasar,
ta ɗiga a gindin bishiyar,
ta goge saura a bakin zaninta.

Ɗan Abuja ya dawo, ya ce akwai tabo.
Na ce masa, akwai.