Ƙaramin Fuli

A Duluth, ranar da tafki ya daskare har gindin gada,
Baba ya kira ni: "Signe, kaya sun iso."
Na same shi a gareji, hita na tari a lungu,
ɗan kwali a tafin hannunsa
kamar yaron da ya tsinci ƙwan tsuntsu.

Fuli ne, baƙi, sabo fil,
bai fi murfin gwangwanin kifi ba.
Ya kara shi da tsohon da ke hancin sufacaja.
"Wannan ɗan ragin da kike gani," in ji shi,
"ƙarfin doki ashirin ne."

Na leƙa maleji, ko da yake na haddace shi:
mil dubu ɗari biyu da talatin da ɗaya.
Motar nan ta kai ni makaranta,
ta kai Mama asibiti sau goma sha tara,
ta dawo da ita sau goma sha takwas.

Na ce, Baba, ƙaramin fuli gaggawa gare shi.
Zai ɗura iska, zafi ya hau,
zafi kuwa ba ya tambayar fistin shekarunsa.
Ringin nan sun ga jiya, sun ga yau.
Gaskit ɗin tun ina firamare yake wurin.
Ya ce, "Shi ya sa na kira bakanike."
Ni ce bakaniken.
Shi ya koya mini riƙon sifana,
yanzu noti mai sanyi ya fi ƙarfin yatsunsa.

Muka cire filogi, muka auna numfashin silinda
ɗaya bayan ɗaya.
Biyar suka amsa da ƙarfinsu.
Ta huɗu ta ja allura, ta tsaya a hanya,
yadda yake tsayawa a tsakiyar matakala
yana duba igiyar takalmin da ba ta kwance ba.
Ya kalli ma'auni, na kalli bango.
Ba wanda ya ambaci Likita Ostrowski,
ko ƙwayoyin da ke jere kusa da gwangwanin giris.

"Za ta fashe?"
Na ce ban sani ba.
Wata takan yi shekara biyar, wata ba ta ganin Lahadi.
Ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina lallaɓa ta,
ban taɓa jin ƙarshen muryarta ba."

To.
Tsohon fuli ya ƙi barin gida, tsatsa ta riƙe masa ƙafa.
Na ɗaura ƙarfen zarewa, na murɗa, na murɗa,
sai da ya saki da ƙara, ɓas!
Na sa gajeren bel, da filogi masu jure wuta,
na tsiyaye man sufacaja mai warin ruɓaɓɓen cuku,
muna tari, muna dariya.
Daga yau sai fetur mai tsada, na ce.
Ya ɗaga hannu kamar mai rantsuwa a kotu.

Da yamma muka hau titin da ke bin gaɓar tafki,
gishiri na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya.
Bayan Two Harbors hanya ta miƙe, ta bushe.
Ya taka.
Wani siririn kuka ya taso daga bonet,
ya yi sama, ya ƙara sama,
kujera ta rungumo bayana.
Ni dai kunnena na kan silinda ta huɗu,
ina jiran ƙwanƙwasar da ke yi wa ɓarna sallama.
Daƙiƙa shida, ko bakwai.
Sai ya ɗaga ƙafa da kansa.

Muka juyo a hankali, motocin katako na wuce mu.
Tsohon fulin na aljihun rigata da maiƙonsa.
Ya ce in adana,
"ko za ki neme shi ranar da motar ta zama taki."
Na ce allurar zafi ta ɗan haura.
Ya ce ya gani.