Askar Baba Ilu

Shekarar da aka haƙa mana burtsatse a Taura
aska ta fara yi masa gardama.
Ba wani abin a zo a gani ba:
'yar tsaga a bayan kunnen Tanimu mai shayi,
jini ɗigo biyu.
Baba ya ce yunwa ce, ya ɓare goro.
Goron ya ƙara mata ƙarfi.

In ya ɗora hannun a cinya, lumui, kamar na kowa.
Sai ya miƙa shi ga abu
yake tuna rawarsa.
Haka damina uku, huɗu, na dama kaɗai.
Ya koyi dabara: ya matse gwiwar hannu a haƙarƙari,
ya riƙe numfashi, ya ja askar sau ɗaya.

Kaciya ya fara ajiyewa, shi da kansa,
tun kafin iyayen yara su fara kewaye ƙofarmu.
Sai ƙaho.
Aski ya rage, a kan tsofaffin abokai
da suka ce in dai yanka ne, gara nasa.

Shekarar da ruwa ya ci fadama
na hagu ya bi sahu.
Koko ya daina isa baki a cike.
Inna ta ɗauke ludayi, ta kawo kofi mai mariƙi,
tana zuba rabi, ba ta ce uffan ba.

Likita a Ringim ya sa shi zana da'ira a takarda,
ta fito kamar sawun kaza a rairayi.
Ya ce makyarkyatar nan ba ta kisa,
tafiyar hawainiya take,
ƙwaya na lallashinta, ba ta korar ta.
Ko akwai mai yi a dangi?
Baba ya tuna kakarsa Tabawa, wadda mazari ya gagara.

Yanzu kai ya shiga.
A tambaye shi ko ya ƙoshi,
baki ya ce e, kai ya ce a'a.
In ya ja Fatiha, muryar na tangaɗi
kamar ruwan ƙwarya a kan mai sauri.
Jikoki su yi dariya, shi ma ya yi.
Ranar da bai yi ba, kowa ya kama kansa.

Zabirar tana kafaɗata yanzu.
Jiya ina wasa aska a fata
na ga bakinta ya ɗan kaɗa.
Na ce yunwa ce.
Baba na kan tabarma yana kallona,
kansa na cewa a'a, a'a,
ban san ko ciwon ne ba.