Jan Mai a Farin Ƙyalle

Daga Kwatano motar ta zo, mataka biyu gare ta,
totur da birki, shi ke nan.
Ƙafata ta hagu ta zauna zaman banza
kamar baƙuwa a gidan suna.
Wata bakwai ina jan ta cikin Tawa
ban san abin da ke aiki ƙarƙashina ba,
sai ran da ta zabura da ni a bakin kasuwa,
ta yi gurnani, ta ƙi shiga giya ta uku.

Alio mai garaji a hanyar Ƙwanni
ba ya gaggawar kwance ƙarfe.
Ya ce, "Ungozoma, bar injin yana aiki,
tsai da ta inda ƙasa ta daidaita."
Ya zaro sandar awo, siririya kamar tsinken tsintsiya,
ya goga a farin ƙyalle, ya kawo mini ga hanci.
Ƙauri. Ƙanzon tukunyar da aka manta bisa murhu.

"Mai lafiya ja ne kamar soɓorodo,
kina hango zaren ƙyalle ta cikinsa.
Naki ya koma shayi, zubin farko.
Wa ya taɓa yi mata bidanjin buwat?"
Na dubi takalmina.

Ya tsuguna ya zana a ƙasa da kan lakile:
fanka biyu suna kallon juna cikin rufaffiyar ƙwarya.
"Wannan injin ke juya ta, ta watsa mai,
man ya bugi waccan, ita ma ta juya.
Ba su taɓa juna ba tun ranar da aka ƙera su.
Mai ne ɗan aike tsakaninsu,
shi ke danna farantai su kama giya,
shi ke kwashe zafi ya kai gaba a sha iska.
In ɗan aike ya tsufa, saƙo sai ya zube a hanya."

Jika arba'in na biya, har da sabuwar filta.
Nasiha kuwa kyauta, yana wanke hannu da omo:
"Kar ki ja sanda baya tana sauran mirginawa.
Kar a tura ta don ta tashi, ba ta san wannan ba.
Kar yaro ya zuba mata man inji
don ya ga galan sun yi kama.
Kuma zafi, Barira, zafi ne ajalinta."

Cikin damina aka kira ni Kalfu da dare,
haihuwar fari, tun la'asar ana abu ɗaya.
A ƙoramar da ke kafin gari yashi ya riƙe mu.
Na taka, tayoyi suka haƙa. Na ƙara takawa.
Sai wannan ƙaurin ya shigo ta taga.

Ni da nake ce wa mata kar su yi yunƙuri
kafin jiki ya ba da hanya,
ga ni ina matsa wa ƙarfe ya haihu dole.

Na ɗage ƙafa. Na mai da sanda tsakiya.
Na bar injin yana numfashi a hankali,
kwaɗi suna ta surutu, ina ƙirga mintoci.
Mijin yarinyar da ƙanensa suka zo da fitila,
suka shimfiɗa karan hatsi ƙarƙashin taya.
Na sa ta ƙaramar giya, na taɓa totur
kamar yadda nake taɓa maɗigar jariri.
Ta rarrafa. Ta fita.

Kafin kiran asalatu aka sami mace,
mai ƙarfin murya, kilo uku ba kaɗan.

Yanzu duk farkon wata, ran Lahadi,
nakan buɗe bakin mota a ƙofar gida.
Maƙwabta na dariya, wai ungozoma ta canja sana'a.
Farin ƙyallen yana nan cikin aljihun mota
kusa da safar hannu da almakashi.
Jiya na goga, na ɗaga shi ga rana.
Ja ne. Ina ganin zaren.