Jan Biro

Shekara goma sha ɗaya ina yankan kati
a bakin ɗakin awo.
Suna, shekaru, unguwa.
Biron nan ya san Katsina fiye da direban tasha.

In mace ta ce mini daga GRA take,
cikin wata biyu ne, makullin mota a hannu.
In ta ce daga bayan Dutsen Safe,
wata takwas ne,
ƙafa ta kumbura ta fi ƙarfin silifas,
ko karyawa ba ta yi ba,
kuɗin kokon ya tafi a kuɗin keke.

Kiran salla ɗaya ke tashinmu da asuba,
amma sauro ya san inda kwata ke kwana,
amai da gudawa sun san rijiyar da ke maƙwabtaka da masai.
Ciwo ba ya tambayar hanya.
Mu ne muka share masa ita.

Tasalla matar Sallau mai faci,
sau biyu na rubuta sunanta.
Na farko da shuɗin biro, ranar wata Laraba.
Na biyu da ja.
Ruwan Agusta ya cinye layinsu,
babu mai keken da ya yarda ya shiga,
a baro ya turo ta, daga tsakar dare har assalatu.
Jaririyar ta yi kuka.
Ita ba ta ji ba.

Wata rana wani siririn ma'aikaci, Rabe,
ya zo da taswira daga ma'aikata,
ya ce in ara masa tsofaffin littattafaina.
Duk jan suna, allura ɗaya mai jan kai.
Kafin la'asar
gefe guda na garin ya yi kamar an shanya barkono,
ɗaya gefen fes, kamar faranti bayan biki.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Shayinsa ya huce.

Ranar zaman kasafi aka kira ni, ni da littafi.
Wani mai babbar riga ya ce a raba daidai,
kowace mazaɓa ɗaki guda, kada a ce an yi son kai.
Bakina ya riga ni.
Na ce, ranka ya daɗe,
uwar da ke da ɗa kwance da ɗa mai tsalle a waje
ba ta auna musu kunu da ludayi ɗaya,
kuma ba wanda ya taɓa kiranta azzaluma.
Aka yi dariya. Aka yi shiru.
Wani ya rubuta.

Ba zan ce muku an gyara duniya ba.
An gina ɗakin haihuwa a inda allurai suka fi yawa,
fitilarsa na cin rana,
ungozoma biyu na kwana, an ƙara musu na wahala.
An yashe kwata, an ja famfo,
mai ciki da ɗan ƙasa da biyar ba sa biyan kati.
Amma magani kan ƙare kafin wata ya raba,
ɗan kwangila bangon gaba kawai ya shafa wa fenti,
kuma can wajen Kwaɗo har yau ana jiran layi ya zo.

Jiya Sallau ya shigo, hannunsa duk baƙin mai,
yarinya na riƙe da gefen rigarsa.
Allurar ƙyanda ta ƙanenta suka kawo,
ɗan matar da ya aura daga baya.
Na ce, da me kuka zo?
Ya ce, da ƙafa. Ai nan da nan ne.

Da suka fita na jawo aljihun tebur
na gwada jan biron a tafin hannuna.
Ya soma bushewa, sai an hura masa baki.
Ban jefar ba.
Gobe Laraba, layi zai kai bakin darbejiya,
kuma akwai unguwannin da in an faɗi sunansu
har yanzu hannuna yakan tsaya.